Ta Hanyar Sama Ta Bi

FULVIA: Alo, Baba? Ina wuni?

AURELIO: A'a, Fulvia! Lafiya lau. Ya hanya? Ya mutanen Suwizalan?

FULVIA: Suna gaishe ka. Ya gwiwar?

AURELIO: Tana nan tana mulkinta. Ina jikata Noemi? Ba ni ita mu yi faɗa.

FULVIA: Tana kujerar baya, barci take. Baba... motar share dusar ƙanƙara ƙarfe nawa take hawowa?

AURELIO: Hawowa ina? Ba ta ramin ƙarƙashin dutse kika biyo ba?

FULVIA: Layi ya yi yawa, sai na bi ta saman dutsen.

AURELIO: Ta sama! Shekara talatin ina share hanyar nan, 'yar cikina ce za ta... Kina ina yanzu?

FULVIA: Na wuce iyaka kaɗan. Ƙanƙara ta rufe ko'ina, ko sandunan gefen hanya ba na gani. Na kira 'yan ceto, sun ce in zauna a mota. Awa biyu ke nan.

AURELIO: Me? Muryarki na yankewa.

FULVIA: Awa biyu! Amma kar ka damu, da ɗumi, na bar hitar mota a kunne. Kaina ne kawai ke sarawa.

AURELIO: Injin na aiki?

FULVIA: Eh mana, yaya hita za ta...

AURELIO: Kin fita kin tone bakin salansa?

FULVIA: Cikin wannan iskar?

AURELIO: Kashe motar! Yanzu!

FULVIA: Baba, sanyi zai kama yarin...

AURELIO: Ƙanƙara ta toshe salansar, cikin motar hayaƙin yake dawowa, kuma ba shi da wari. Kashe na ce! Tun yaushe Noemi ke barci?

FULVIA: Tun... ban sani ba. Wayyo, Baba, ita da ba ta barcin rana!

AURELIO: Buɗe ƙofa.

FULVIA: Ta ƙi! Ƙanƙara ta danne ta!

AURELIO: Sauke gilas, duka huɗun. Ki jawo ta, ki fitar da fuskarta waje.

FULVIA: Hannuna ba ƙarfi. Noemi! Noemi, tashi! Jikinta ya saki, Baba, tsoro nake ji!

AURELIO: Ni ma. Mare ta. Kar ki ji tausayi, mare ta sosai! ...Fulvia? Alo? Yi magana mana!

FULVIA: Ta yi amai! Tana kuka, Baba, kana ji?

AURELIO: Ina ji. Bar ta ta yi ta yi, kar ki lallashe ta. Ke ma kar ki kuskura ki rufe ido, ga ni nan zan taso masu share hanya...

FULVIA: Baba, kar ka kashe, batirina ya kusa...