Ƙibar Ilu da Haƙoransa

Salamu alaikum mai gabatarwa. Wani tsoho ne daga Bande ke gaishe ka.

Ƙanena Ilu maginin rijiya ne. Da muka fita yunwa sai ya yi ƙiba, har masu riƙe masa igiya, Tanko da Sale, suka ƙi zura shi, ga iyali na jiran hatsi.

Tanko ya ce wa Ilu, "In kana so ka rame, ci komai, ƙwaryar kawai za ka rage."

Sale ya ce, "Ƙarya kake, jaki! Man shanu zai bari."

Gardama ta zama dambe. Sale ya fasa goshin Tanko da dutse, jini ya wanke masa fuska. Tanko ya ɗaga ƙotar gatari, Ilu ya shiga rabo, ta sauka a muƙamuƙinsa. Cikin yashi muka tsinci haƙoran.

Yanzu kunu kaɗai yake kurɓa, ya rame, ya koma rijiya. Tanko na cewa ƙarancin abincin ne, Sale na cewa rashin man ne.

Don Allah ku tambayo mana likita: yawan abinci ne ke sa ƙiba ko irinsa? Ku hanzarta, jiya na ga Sale da sabon kulki.