Wayar Ƙarfe Sha Biyu Tana Jiran Mai Ɗauka

Assalamu alaikum.

Mai girma shugaban taro, manyan hafsoshinmu na yanzu da waɗanda suka tuɓe kaki irina, malaman kwalejin horar da hafsoshi, uwargidan marigayi, 'ya'yansa da 'yan'uwansa, jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya.

An ba ni minti ashirin, amma ba zan cinye su ba. Agogon bangon can ya nuna sha ɗaya da minti arba'in, kuma kafin in sauka za ku ji dalilin da ya sa nake ta kallonsa.

Mutumin da ya tara mu yau, mu a bariki ba ma kiran sunansa. Ana-Ji muke ce masa. Ga waɗanda ba su san asalin laƙabin ba: a bayan ofishin kwamanda akwai wani ɗan ɗaki mai teburi ɗaya, kujera ɗaya, da waya ɗaya wadda ba ta zuwa ko'ina sai wurin rundunar da ke tsallaken iyaka. Kullum ƙarfe sha biyu na rana sukan kira don a gwada layi. Su ce, “Ana ji?” A ce, “Ana ji.” A ajiye. Shekara ashirin da biyu yana amsa wannan kira, har muna yi masa tsiya cewa gwamnati na biyan sa albashi saboda kalma biyu.

Ya kasance mai haƙurin da ke ƙular da masu gaggawa, kuma ni ne shugaban masu gaggawar. Shekara goma sha tara da suka wuce, ina riƙe da manyan bindigogi, wata rana da hantsi sai ga harsasai daga tsallake suna faɗowa kusa da sansaninmu. Na sa aka ɗora harsasai a bindigoginmu, aka saita. Sai ga shi a guje, ko hula babu.

Ya ce, “Ƙanena, ba ni minti goma.”

Na ce, “Yaya, ana zuba mana wuta kana neman minti goma? Wannan ai tsoro ne.”

Ya ce, “Na yarda tsoro ne. Su ma shi suke ji. Bari in tambaye su.”

Ya shiga ɗakin nan ya kira. Ashe ma'ajiyar makamansu ce ta kama wuta, harsasai na tashi da kansu, mutanensu ma neman mafaka suke. Da na harba ranar, da rabin waɗanda ke gaban nan marayu ne. Na kira shi matsoraci a gaban yarana, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tuna mini ba. Wannan abu yana ci mini rai har yau.

Ya kasance malami. Da ya bar ɗakin waya ya koma kwaleji, yakan ce wa ɗalibai ko manyan ƙasashe masu makaman nukiliya ba yawan makami kaɗai ke hana su faɗa ba. Kowa ya san in ya fara ba zai tsira ba, amma wannan sanin ba shi da amfani in ba ka san abin da ɗayan ke nufi ba. Yakan zana tsani a allo ya ce yaƙi hawa-hawa ne, kowane ɓangare na taka mataki ɗaya yana rantsuwa kare kansa yake yi.

Ya kasance haka har a gida. Uwargida, ki yafe mini, zan tona. Ita ta gaya mini cewa in sun saɓa ta daina yi masa magana, da rana ta take sai ya leƙo ƙofar kicin ya ce, “Ana ji?” Ba ya tafiya sai ta amsa, ko da da harara ne.

Kwana shida ke nan da bam ya tashi da motarsa a mashigar iyaka. Har yanzu ba mu san wanda ya dasa ba. Ina maimaitawa, ba mu sani ba. Amma mun san abin da ya koya mana, cewa ɗan ta'adda ba shi da rundunar da za ta ci ƙasa, don haka rundunarka yake ara. Ya taɓa ka inda ya fi zafi, ya koma gefe, kai ka ƙarasa masa aikin.

Jama'a, kwana shida wayar nan tana ƙara, ba a ɗauka. Babu wanda ya ba da umarnin haka a rubuce, mu manya dai mun kawar da kai. Su kuwa a tsallake, shiru ma magana ce. Shekaranjiya sun matso da tankokinsu. Jiya mun matso da namu. Sun kuma aiko ta hannun masu sa ido cewa in yau ba a amsa ba, za su ɗauka an yanke layin. Mataki nawa ya rage a tsanin nan, ku lissafa da kanku.

Yanzu zan juyo gare ka, ɗana, ɗan marigayi. Kowa ya san kai ne hafsan da ke riƙe da ɗakin mahaifinka, makullin yana aljihunka. Da na same ka jiya ka ce mini, “Baba, me zan ce wa mutanen da wataƙila su suka kashe shi?” Ga amsata yau a gaban mahaifiyarka. Ba a ce ka yafe ba, ba a ce ka daina bincike ba. Ni ma zuciyata tafasa take, wallahi da ta ni ce da tuni an ɗora. Amma na taɓa tsayawa inda kake tsaye, aka roƙe ni minti goma. Kai kalma biyu kawai ake roƙon ka. In ka ɗauka, mai yiwuwa da maƙiyi ka yi magana. In ka ƙi, wanda ya dasa bam ɗin nan ya sami abin da ya biya da ran mahaifinka.

Saura minti tara. Daga zauren nan zuwa ɗakin, tafiyar minti biyar ce in ba a tsaya gaisuwa ba.

Uwargida, na ga kin saki hannunsa. Allah Ya saka miki.

Ku ba shi hanya. Don Allah kada kowa ya tare shi da ta'aziyya, ku buɗe masa ƙofar gefen nan.

Mu da muka rage, na gode muku da sauraro, na gode wa waɗanda suka shirya taron. Allah Ya jiƙan yayanmu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yafe mini kalmar da na jefe shi da ita. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya tona asirin masu wannan aika-aika, Ya tsare 'ya'yan mutane da ke bakin iyaka, namu da nasu. Kada kowa ya tashi tukuna. Mu zauna a nan mu yi ta addu'a har sha biyu ta wuce.

Amin.