Kada Ka Warkar da Dokin Baba

YAYA: Wani ya shiga wayar Baba ya gurgunta masa doki. Ban kama suna ba, amma wanda ya yi ya san kansa.

AUTA: Salamu alaikum, Yaya.

YAYA: Wa alaikumus salam. Ban janye maganata ba.

AUTA: To a gaisa mana tukuna. Ina wuni?

YAYA: Lafiya lau. Ya aiki?

AUTA: Da godiya. Ya shago, ya ɗinki?

YAYA: Keken ya ƙi mutuwa, ni ma na ƙi. Ya amaryarmu? Ƙafar ta daina kumbura?

AUTA: Da sauƙi, wata na takwas ke nan, tana gaishe ki. Ya jikin Baba?

YAYA: Zan zo kan jikin Baba. Mene ne ke ƙara a bayanka kamar ana niƙa duwatsu?

AUTA: Injin buga takardu ne. Bari in fita bakin ƙofa, hutun rabin awa gare ni. Kina ji na yanzu?

YAYA: Ina jin ka sarai. Kwana tara ina kira, kwana tara kana turo min "ina aiki". Auta, wasan tseren dawakin nan da ka saka wa Baba a waya, mutum nawa suka san lambar sirrinsa?

AUTA: Ni da shi.

YAYA: Madalla. Shi kuma waccan Talatar da rana yana asibiti wajen likitar gashin ƙashi, ni na kai shi, wayarsa tana kulle a durowata tare da almakasai. To wa ya ba Ƙusa sukuwa uku a rana ɗaya?

AUTA: Wa?

YAYA: Ƙusa! Duƙushin Baba, ɗan siririn nan. Kada ka yi min kurumtar ƙarya, sabis ɗinka cike yake.

AUTA: Yaya, wallahi ba da mugun nufi na yi ba.

YAYA: Yauwa, an zo wajen.

AUTA: Akwai tseren 'yan shekara biyu a wannan satin. Na leƙa na ga saurin dokinsa arba'in da ɗaya, na mutane sittin da wani abu. Na tambaya a dandalin masu wasan, suka ce a danna sukuwa sau uku, maki zai tashi nan take. Na ce bari ya ci ko da tsere ɗaya ne. Wata bakwai tun da ɓarin jikinsa ya shanye ban ji dariyarsa ba.

YAYA: 'Yan dandali! Mutanen da ba su taɓa renon ko mage ba. Ni da ban yi makarantar doki ba, ban ma gama ta mutane ba, na fi su sani, don na karanta littafin Baba.

AUTA: Wane littafi?

YAYA: Tsohon littafin awonsa na kafinta. Da hannun hagu yake rubutawa, kamar kaza ta bi ta kan takarda, amma komai na ciki. Sati biyun farko tafiya kawai, a ja shi da igiya. Sai sassarfa, yau aiki gobe hutu. Ba a sukuwa sai layin gajiya ya koma kore, kuma sai ƙarfin ƙafa ya wuce hamsin. Gajeren zango kafin dogo. Sauri shi ne na ƙarshe, Auta, na ƙarshe! Kai kuwa ka zo daga garin da kake, da babban yatsa ɗaya, ka same shi layi yana rawaya, ka danna, ya koma ja, ka sake dannawa.

AUTA: Ban san zai gurɗe ba. Da na ga sun naɗa masa farin bandeji, abinci ma kasa ci na yi.

YAYA: Ni fa washegari da safe na miƙa masa wayar tare da shayi, ban san komai ba. Na dawo shago, ina auna wata mata, tef a wuyana, allura a bakina. Sai na ji an kurma ihu daga cikin gida. Na ce shi ke nan, ya faɗo daga gado.

AUTA: Innalillahi! Ya faɗi?

YAYA: Cewa ya yi, "Wane jaki ne ya ba duƙushi sukuwa uku!"

AUTA: Ya Salam. Yaya, ki ba shi haƙuri. Shi ya sa ma na ɗauki wayarki yau, na samo gyara. Akwai wani tikitin li... ke... nan take...

YAYA: Me? Kana yankewa. Ka bar bayan ginin nan, ka tsaya a fili.

AUTA: Na ce akwai tikitin likitan dabbobi. In ka shiga wasan kwana tara a jere suna ba ka kyauta, yau na samu. Dannawa ɗaya dokin zai warke sarai, ba sai an jira sati uku ba. Ga shi ma a buɗe a gabana, yanzu zan...

YAYA: Kai! Ɗauke hannunka! Auta, ɗauke wannan yatsan!

AUTA: Ah ah, me kuma na yi?

YAYA: Ka danna?

AUTA: Ban danna ba.

YAYA: Rantse.

AUTA: Wallahi ban danna ba. Ba ke ce kike faɗa na gurgunta shi ba?

YAYA: Saka hannun a aljihu ka saurare ni. Ba ka ji abin da na faɗa ba ne? Jimla guda ya yi. Mutumin da wata bakwai ba ya cewa komai sai "uhm" da "bar shi". Na ruga ciki, ban same shi a gado ba. A ƙofar falo na same shi, a tsaye, riƙe da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da asibiti suka ba shi, wanda ya mayar wurin shanya tawul.

AUTA: A tsaye? Baba?

YAYA: Taku goma sha ɗaya daga gadonsa. Daga baya na koma na ƙirga a kan tayil. Ya tsaya nan ya yi kusan minti goma sha biyar yana surfa wa mai laifin zagi, baki a karkace, amma ko kalma ɗaya ba ta ɓace min ba. Na zauna a ƙasa ina kuka. Matar da nake aunawa ta biyo ni da rabin riga a jiki, ta ɗauka rasuwa aka yi, ta fara yi min ta'aziyya.

AUTA: Allahu akbar. Yaya, me ya sa ba ki rubuto min ba?

YAYA: In rubuta wa wa? Mai "ina aiki"? Tsaya ka ji sauran. Wasan ya ce jinyar kwana ashirin da ɗaya, tafiya kawai, kaɗan kaɗan. Baba ya ce in ciro masa kalandar bango da rularsa ta ƙarfe. Ya ja layi ya raba gida biyu. Wannan gefen ya rubuta Ƙusa, wancan ya rubuta "Ni".

AUTA: Ban gane ba.

YAYA: Ranar da doki zai yi tafiya, shi ma zai yi. An ƙara wa doki zango, shi ma ya ƙara taku biyar. Ranar hutun doki ko sama za ta faɗo ba zai motsa ba. In na ce Baba a ƙara kaɗan, sai ya ce, "Yau ina rawaya." Likitar gashi ta zo ta ga kalandar, ta ɗauki hotonta. Wata shida baiwar Allahn nan tana lallashinsa ya ɗaga ƙafa, yana juya mata baya.

AUTA: To da me ya hana shi?

YAYA: Mu. Ni, in za a faɗi gaskiya. Ya ce min, "Ku ma sukuwa kuka ba ni tun satin farko." Kuma haka aka yi. Kwana huɗu da sallamo shi na tsaya a kansa, tashi, taka, sake, sau goma, wane da wane sun warke a wata ɗaya. Ka san bakina. Ya faɗi a gaban surukinsa, ranar ya ƙi ƙarfen, ya ƙi magana. Na ɗauka taurin kai ne, ashe ni na kai shi ja.

AUTA: Kin yi iya ƙoƙarinki, Yaya. Ke kaɗai ce a kansa dare da rana.

YAYA: Ba yabo na kira nema ba. Jiya taku arba'in da biyar ya yi, har bakin get. Ya zauna a benci, mai gyaran rediyo na kusa da mu ya rufe shagonsa ya zo suka yi hira. Da ya dawo, da hannun dama ya riƙe cokali. Rabin abincin a rigarsa ya ƙare, na wanke ina murna. To ka gaya min, in ka danna tikitin nan doki ya miƙe yau, wa zai ci gaba da cika gefen Baba?

AUTA: Babu.

YAYA: Saura kwana goma sha biyu. Ina son kowace rana a ciki, ko ɗaya ba zan yafe ba.

AUTA: Na rufe. Ga shi na fita daga wasan gaba ɗaya.

YAYA: Goge shi daga wayarka ma. Tikitin ka bar shi ya ruɓe.

AUTA: Zan goge. Amma Yaya, ya san ni ne?

YAYA: Tun ranar. Ya ce yaron da yake shafa fenti katako bai bushe ba, wa zai zama in ba shi ba.

AUTA: Kai, wannan teburin har yau bai manta ba! Shekarata tara fa lokacin.

YAYA: To ni dai abin da na kira in faɗa, kuma sau ɗaya zan faɗa, kada ka saba. Na gode. Da ka saka masa wasan na ce ka raina shi, ka ba dattijo abin wasan yara. Na gode da wasan, na gode da wautarka. Allah ya yi maka albarka, ya sauki matarka lafiya. Wanda ya zauna ya ƙirƙiro dokin nan ma, ko wane ne shi, ko ina yake, Allah ya biya shi.

AUTA: Amin, Yaya. Sai kin sa ni kuka a bakin ƙofar mutane?

YAYA: Share, kada oganka ya gani. Tsaya. Baba! A hankali, akwai wayar keke a ƙasa, ka bi ta gefen tabarma! Eh, shi ne, jakin ne a waya.

AUTA: Shi ne? Yana ina?

YAYA: Ya fito daga falo, shago ya nufo. Ya ce yana da magana da kai.

AUTA: Kai masa wayar mana! Na ji matar kamfanin waya ta ce saura miki minti ɗaya.

YAYA: Ba zan kai ba. Yau ranar tafiya ce, saura masa taku goma sha biyu ya cika hamsin.

AUTA: Yaya, don Allah, kati zai ƙare! Ni kuma hutuna ya...

YAYA: Ya ƙare mana, sai ka kira, ai ka iya danna abu. Tara. Takwas. Ba na taɓa ka, Baba, na ji, na matsa. Auta, yi shiru ka kasa kunne. Kana jin ƙarfen a kan siminti? Kana jin ƙafar da ke biye da shi? Ta dama ce wannan. To ka ce min ba gurgun dokin nan ne ya tayar da ubanmu ba. Ka musa in ji, in ka isa ka mu...