Ciwon Kan da Ya Ƙi Zuwa

A wani asibitin bincike a Kwatano, a ƙasar Benin, masu ciwon ɓarin kai suna jiran na'urar duba gudun jini, wadda sai ciwon ya tashi ake shiga. Wani mutum ya matso kusa da wata mata.

"Tanti, wata uku ina jiran ranar nan, yau ciwon ya ƙi zuwa! Na ƙi karyawa, na zura wa rana ido, na hau zemijan, ɗan acaɓa mai fasasshen salansa. Ko gezau!"

"Bawan Allah, ka rufa mini baki."

"Har turaren matata na shaƙa, wallahi..."

Ta dafe goshi, ta miƙe tana murmushi.

"Allah ya saka maka. Ni ma garau na zo. Likita! Nawa ya iso!"

"Haba Tanti! To rama mini mana!"