Mayen Ƙarfen Adda Dudu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ce Fadimatu daga unguwar Gwadabawa a Jimeta.

Yayata Adda Dudu tela ce. Shekarun da 'yan gudun hijira suka cika Malkohi, ita ke ɗinka wa matan sansanin kaya da ragowar yadin da take samowa a kasuwar Jimeta. Har yau ina ganinta a tsakar gidanmu, in allura ta faɗa cikin yashi sai ta ja mayen ƙarfe a ƙasa tana dariya: "Fito, munafuka!"

Tana ramewa muna kallo. Ka san kunyar mutanenmu, kowa ya tambaya sai ta ce gajiya ce kawai. Sau uku ana ɗibar jininta ana cewa taifot. Kafin a gane ciwon daji ne, ya riga ya ci ƙarfinta. Allah ya jiƙanta.

Makon jiya 'yarta mai karatun aikin asibiti ta ce mini, "Yafendo, masana na gwada wasu ƙwayoyin ƙarfe da ido ba ya gani. Ana zuba su cikin jinin da aka ɗiba, su manne wa ƙwayoyin cutar, sai a janyo su da mayen ƙarfe, a gano ciwon tun bai yi nisa ba."

Wallahi sai da na nemi wuri na zauna.

Don Allah ku gayyato likita ya faɗa mana, gaskiya ne? Yaushe wannan gwajin zai iso Yola?

Ina gaida matan Malkohi da suka sa ɗinkinta. Mayen ƙarfenta na nan manne da keken ɗinkinta, da allurai biyu a jikinsa. Har yau na kasa cire su.