Makullin Tsohon Ɗakin Shan Magani

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Falmata mai ɗinkin hula daga Abbaganaram. Ka karanta wasiƙar nan da ƙarfi a rediyo, ina so Ba Modu ya ji.

A unguwarmu akwai tsohon ɗakin shan magani na gwamnati da ya koma makwancin awaki. Mu matan ƙungiyar masu ɗinkin hula muka kwashe ƙazantar da hannunmu, muka shafa farar ƙasa, muka dasa dogon yaro a ƙofa. Hukuma ta ce za ta mallaka mana ginin. Da yake ba ma shiga taron maza, sai muka wakilta maƙwabcinmu Ba Modu ya karɓo makulli.

Ya karɓa kuwa, amma da sunan wata ƙungiyar da ya kafa da ƙannensa. Yanzu buhunan wakensa ne cike da ɗakin. Da na same shi, sai ya ce, "Ya Falmata, ina ruwan mace da gini? Ku koma tsakar gida."

To mun koma, Ba Modu. Bikin 'yarka na tafe bayan sallah. Manyan tukwanen unguwar nan namu ne, tabarmi namu, hannun tuƙa tuwon ma namu. Wallahi ko ludayi ba za ka gani ba. Ƙannenka su ɗaura zani su dafa wa baƙinka waken nan.

Ina gaida matan ƙungiya. Kowacce ta kife tukunyarta sai makulli ya dawo.