Ragowar ƙwayoyi cikin gwangwanin goro

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ki da masu saurare. Ni ne Sahabi daga Malanville, bana na gama karatu.

Kakana, mai shekara saba'in da shidda, zuciyarsa ba ta bugawa daidai. Watan jiya likita ya canza masa maganin tsinka jini, ya ce a bar tsohon maganin. Ni nake ba shi sabon, safe da yamma. Ashe ya ɓoye ragowar tsohon cikin gwangwanin goronsa yana sha.

Ran Juma'a wanzaminsa ya zo daga Garou. Aska ta ɗan taɓa bayan kunne, jini ya ƙi tsayawa. Wanzamin ya ce, "Alhaji, shekara talatin ina maka aski, ban taɓa ganin haka ba. Mi kake sha?"

Kaka ya fiddo gwangwanin. "To, in bar su su lalace?"

Muka garzaya asibiti. Likita ya ce da an ƙara kwanaki, jini zai iya ɓallewa a ciki. Alhamdulillahi, ya samu sauƙi.

Allah ya saka wa wanzamin nan da alheri. Jama'a, in an canza wa tsohonku magani, ku karɓe na da. Ni dai kullum sai na buɗe gwangwanin nan, goro kaɗai nake tararwa.